Daga Kwalta Zuwa Iskar Gas: Tarihin Masana'antar Sinadarai ta Kwarin Rhine da Makomarta a Kasuwar Duniya

1.0 Gabatarwa

Kogin Rhine ya taso ne daga duwatsun Suwizalan, ya ratsa yammacin Jamus, sa'an nan ya bi ta Holan ya faɗa teku a kusa da Rotterdam. A gaɓar wannan kogi da rassansa aka kafa manyan masana'antun sinadarai na Basel da Ludwigshafen da Frankfurt da Leverkusen, waɗanda suka yi kusan shekara 150 suna cikin jagororin duniya wajen yin rini da magunguna da takin zamani da roba. A 'yan shekarun nan kuwa ana ta muhawara a kan ko wannan yanki zai iya ci gaba da gogayya da ƙasar Sin da Amurka da ƙasashen Larabawa.

Wannan maƙala za ta bi tarihin masana'antar tun daga tushenta, domin a nuna cewa ƙarfinta ya dogara ne a kan abubuwa biyu, wato zurfin bincike na kimiyya da kuma samun ɗanyen kaya da makamashi cikin rahusa. Na farkon mallakarta ne, na biyun kuwa ya daɗe yana zuwa mata daga waje. Da wannan ma'auni ne za a auna abin da zai saura a yankin da abin da zai yi ƙaura. Za a kuma taɓo inda tarihin ya ci karo da na marinan Nijeriya.

2.0 Zamanin Kwalta da Rini

Kalmar kwalta, wadda Bahaushe ke kiran shimfiɗaɗɗiyar hanya da ita, aro ce daga sunan da Turawan Ingila suka ba baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura idan an gasa kwal domin samun iskar kunna fitilu. A farkon ƙarni na 19 yawancinsa shara ce da ake neman inda za a zuba. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna William Perkin, almajirin masanin nan Bajamushe August Hofmann a Landan, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓi na kwinin, sai ya yi katari da wani rini mai launin shunayya daga sinadaran kwalta. Ke nan a Ingila aka fara sana'ar, amma Jamus ce ta ci gajiyarta.

A 1863 aka kafa kamfanin Bayer a Barmen, da kamfanin Hoechst a kusa da Frankfurt. A 1865 Friedrich Engelhorn ya kafa BASF a Mannheim, ya gina masana'antar a ƙetaren kogi, wato Ludwigshafen. A wannan shekara ce kuma Hofmann ya bar Landan ya koma Balin. Abubuwa uku suka taimaki waɗannan kamfanoni. Na farko, jami'o'in Jamus suna yaye masana sinadarai da yawa, kamfanonin kuma suna ɗaukar su aiki a ɗakunan bincike na kansu, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Na biyu, dokar mallakar ƙirƙira ta 1877 ta kare hanyar da aka bi aka haɗa sinadari ne, ta bar shi sinadarin a sake, saboda haka kowane kamfani ya duƙufa wajen neman sababbin hanyoyi masu sauƙi. Na uku shi ne kogin kansa, wanda ke kawo kwal daga yankin Ruhr, ya ba da ruwan aiki, ya kuma fitar da kaya zuwa teku.

Jan rini na alizarin, wanda Graebe da Liebermann suka haɗa a 1868, shi ne ya fara kashe noman tsiron da ake samun irin wannan ja daga saiwarsa a kudancin Faransa. Amma babban yaƙin a kan shuni aka yi shi. Adolf von Baeyer ya haɗa shi a ɗakin bincike a 1880, sai dai tsadar hanyar ta hana a kai shi kasuwa. BASF ya shafe shekara 17 yana neman mafita, ya kashe mak miliyan 18, kuɗin da ya zarce jarin kamfanin na lokacin, kafin ya fito da shunin kanti a 1897. A wannan shekara an ƙiyasta shunin da duniya ke samu daga tsiro da kimanin tan 19,000, mafi yawansa daga Indiya. Kafin 1914 ya faɗo zuwa kimanin tan 1,000. Zuwa 1913 kamfanonin Jamus ne ke yin fiye da kashi 80 cikin ɗari na rinin kanti na duniya baki ɗaya.

2.1 Yadda Abin Ya Shafi Marinan Nijeriya

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, har ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Baban da ake nomawa a karkara, da toka, da gwanintar masu karofi a wurare irin su Ƙofar Mata da Kura, su suka sa turkuɗi da kore na ƙasar Kano suka yi suna har cikin Sahara. Bai kai shekara 50 da wannan ziyara ba 'yan ƙasar Barth suka fito da shunin da ba ya bukatar gona ko damina.

A zamanin mulkin mallaka rinin kanti ya shigo kasuwannin Nijeriya, har Hausa ta sami kalmar galura. Marina da yawa suka rungume shi saboda sauri da araha, noman baba ya ja baya, yadin kanti kuma ya ƙara matse kasuwar saƙi. A Abeokuta ma, cikin shekarun 1930, amfani da shunin kanti da soda ya haddasa rigima tsakanin mata masu rinin adire da Alake na Egba, wanda ya nemi ya hana su. Marinan Kano da na Abeokuta ba su rasa gwaninta ba. Abin da ya faru shi ne wani ya gano hanyar samar da launi iri ɗaya da kuɗi kaɗan, kasuwa kuwa ba ta tambayar asali.

3.0 Daga Rini Zuwa Magani da Taki

Ilmin da aka tara wajen haɗa rini shi ya buɗe ƙofar magunguna. Bayer ya fitar da asfirin a 1899, Hoechst ya fitar da Salvarsan, maganin tunjere na Paul Ehrlich, a 1910. A ɗakunan binciken Bayer ne kuma aka samo maganin cutar barci a 1916, da kulorakwin a 1934, wanda ya daɗe shi ne madogarar Afirka wajen zazzaɓin cizon sauro.

Sai dai ƙirƙirar da ta fi kowace tasiri ita ce ta amoniya. A 1909 Fritz Haber ya nuna cewa ana iya kama nitrojin da ke cikin iska a haɗa shi da haidirojin a ƙarƙashin matsi da zafi mai tsanani. Carl Bosch na BASF ya mayar da gwajin ya zama masana'anta, wadda ta fara aiki a Oppau a 1913. Daga amoniya ake samun takin zamani irin su yuriya, daga gare ta kuma ake samun albarushi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Ingila ta toshe wa Jamus hanyar shigo da gishirin albarushi daga Chile, sai amoniyar Oppau da ta Leuna, wadda aka buɗe a 1917, suka cike giɓin. Haber ɗin nan ne kuma ya jagoranci sakin iska mai guba a fagen fama na Ypres a watan Afrilu na 1915. Bayan yaƙi, a ranar 21 ga Satumba 1921, rumbun taki ya fashe a Oppau, mutum fiye da 500 suka halaka.

Yaƙin ya jawo wa kamfanonin asarar kasuwanni, abokan gaba kuma suka ƙwace takardun mallakar ƙirƙirarsu suka gina nasu masana'antu. Domin su farfaɗo, shida daga cikinsu suka haɗe a 1925 suka zama IG Farben, kamfanin sinadarai mafi girma a duniya a lokacin, abin da ya sa Ingila ma ta haɗe nata a 1926 da sunan ICI. A zamanin Hitila IG Farben ya samar wa soja man fetur da roba daga kwal, ya gina masana'anta a Monowitz kusa da sansanin Auschwitz, inda dubban fursunoni suka mutu cikin aikin tilas. Yana kuma da hannun jari a kamfanin Degesch, mai sayar da gubar Zyklon B da aka yi kisan kiyashi da ita. A shari'ar Nuremberg ta 1947 zuwa 1948 an sami shugabanninsa 13 da laifi, sa'an nan a farkon shekarun 1950 aka wargaza shi, BASF da Bayer da Hoechst suka koma cin gashin kansu.

4.0 Zamanin Man Fetur da Tsarin Haɗaka

Daga shekarun 1950 masana'antar ta bar kwal ta koma man fetur, wanda a lokacin yake da araha. Aka shimfiɗa bututu daga tashar Rotterdam zuwa yankin, aka gina manyan injuna masu farfasa nafta da tururi domin samar da tushen roba da leda da zaren tufafi. BASF ya kafa reshe a tashar Antwerp ta Beljiyam a 1964. Da haka Rotterdam da Antwerp da kwarin Rhine suka zama tamkar masana'anta guda wadda bututu da jiragen ruwa suka ɗinke.

A Ludwigshafen ne aka fi ganin tsarin da BASF ke kira Verbund, wato haɗaka. Filin ya kai murabba'in kilomita 10, da masana'antu kimanin 200, da bututu mai tsawon kilomita 2,850, a 2022 kuma mutum kusan 39,000 ke aiki a cikinsa. Hikimar tsarin ita ce abin da wannan masana'anta ta zubar shi ne ɗanyen kayan maƙwabciyarta, zafin da wannan ta fitar kuma shi ke dafa tukunyar waccan. Saboda haka ana rage ɓarna da kuɗin sufuri ƙwarai. Amma tsarin yana da rauni, domin idan aka rufe masana'anta ɗaya a gindin sarƙar, duk na samanta sai sun ji a jikinsu.

Ƙafa ta uku ita ce iskar gas, wadda masana'antar ke amfani da ita ta fuska biyu: makamashi ce, kuma ɗanyen kaya ce, musamman wajen amoniya. BASF ya sayi kamfanin mai na Wintershall a 1969, a 1990 kuma Wintershall ya ƙulla yarjejeniya da Gazprom na Rasha. Da aka buɗe bututun Nord Stream a ƙarƙashin Tekun Baltik a 2011, Wintershall na cikin masu jari a cikinsa. Zuwa 2021 fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke shigowa da shi daga Rasha yake zuwa. An ɗauki wannan a matsayin dabarar ciniki, ba a kula sosai da cewa an mayar da wuyan masana'antar hannun mai sayarwa guda ba.

5.0 Sauyin Kasuwar Duniya

Tun kafin rikicin gas alamu sun fara bayyana. Hoechst ya haɗe da Rhône-Poulenc na Faransa a 1999, sunansa ya ɓace daga jerin manyan kamfanoni. Bayer ya yaye sassansa na sinadarai, wato Lanxess a 2005 da Covestro a 2015, ya mai da hankali ga magunguna da iri, har ya sayi Monsanto na Amurka a 2018 a kan dala biliyan 63, cinikin da ya jawo masa ƙararraki masu tsada. Shi kuwa rini, wanda da shi aka fara, Bayer da Hoechst sun haɗe sassansu a 1995 da sunan DyStar, BASF ya shigo a 2000, kamfanin ya karye a 2009, a 2010 kuma ya koma hannun Kiri na Indiya da Longsheng na Sin. Wato bayan shekara 113 da fitowar shunin kanti, gadon marinan Rhine ya faɗa hannun ƙasar da suka kashe wa noman baba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Alƙaluman ƙungiyar masana'antun sinadarai ta Turai, Cefic, sun nuna cewa rabon Tarayyar Turai a cinikin sinadarai na duniya ya sauko daga kimanin kashi 27 cikin ɗari a 2002 zuwa kashi 14 a 2022, yayin da na Sin ya haura kashi 40. Abokan gogayyar iri uku ne. Amurka ta sami gas mai araha daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa tun wajen 2010. Ƙasashen Larabawa suna zaune a kan rijiyoyin. Sin kuwa ita ce babbar kasuwa, ta kuma gina masana'antu har abin da take samarwa ya fi ƙarfin bukatarta, rarar tana malalowa waje tana karya farashi.

A cikin gida ma akwai nauyi. Gobarar rumbun Sandoz kusa da Basel a 1986, wadda ta kashe kifayen Rhine, tana cikin abubuwan da suka tsananta dokokin muhalli. A 2005 aka fara sayar da izinin fitar da hayaƙi, a 2007 kuma dokar REACH ta wajabta rajistar sinadarai. Kogin kansa ya fara gazawa: ƙarancin ruwa na 2018 ya hana jirage ɗaukar cikakken kaya, BASF ya ƙiyasta asararsa da yuro miliyan 250.

5.1 Rikicin 2022

Da Rasha ta auka wa Yukren a Fabrairun 2022, gas ɗin Nord Stream ya ragu a watan Yuni, ya tsaya cak a ƙarshen Agusta, a ranar 26 ga Satumba kuma aka fasa bututun. A watan Agusta farashin gas a kasuwar Holan ya haura yuro 300 a kan kowace awar megawat, alhali a shekarun baya a wajen yuro 20 yake. Fiye da rabin masana'antun amoniya na Turai suka rage aiki ko suka tsaya. BASF ya bayyana cewa ƙarin kuɗin makamashi da ya biya a 2022 ya kai yuro biliyan 3.2. A Fabrairun 2023 ya ba da sanarwar rage ma'aikata 2,600 da rufe wasu masana'antu a Ludwigshafen, ciki har da ɗaya daga cikin biyun da ke yin amoniya, a garin da aka fara yin ta shekara 110 kafin wannan lokaci. Ko bayan da farashi ya lafa, a 2023 da 2024 gas na Turai ya ninka na Amurka sau uku ko fiye.

Jari kuma ya juya gabas. A 2019 BASF ya fara gina sabuwar haɗaka a Zhanjiang, lardin Guangdong na Sin, wadda aka tsara za ta ci har yuro biliyan 10, jari mafi girma a tarihin kamfanin. A 2024 kamfanin mai na Abu Dhabi, ADNOC, ya ƙulla yarjejeniyar sayen Covestro. Mai gas ne ya zo sayen mai ilmi.

6.0 Makoma

Idan aka auna da ma'aunin da aka ambata a gabatarwa, kayan masana'antar sun kasu biyu. Akwai na gindi, irin su amoniya da metanol da tushen roba, waɗanda mafi yawan kuɗinsu na gas ne ko mai, kuma na kowace ƙasa iri ɗaya ne. Waɗannan da wuya su tsaya a inda makamashi ke da tsada. Akwai kuma na musamman, irin su sinadaran magunguna da na fenti da na batir da na kare amfanin gona, waɗanda ake haɗa su daidai da bukatar mai saye, ƙimarsu kuma tana cikin bincike. A nan yankin yana da sauran ƙarfi, saboda jami'o'insa da ƙwararrun ma'aikatansa da kusancinsa da masu ƙera motoci da injuna. Matsalar ita ce a tsarin haɗaka na musamman daga na gindi suke tsirowa, kuma Sin ta fara shiga wannan fage ma.

Hanyar da kamfanonin suka sa a gaba ita ce maye gas da lantarki mai tsabta. BASF ya sayi kaso a gonar injunan iska ta Hollandse Kust Zuid a tekun Holan a 2021. A 2024, tare da SABIC da Linde, ya buɗe injin gwaji na farfasa nafta da lantarki a Ludwigshafen, a 2025 kuma ya fara samar da haidirojin daga ruwa da inji mai ƙarfin megawat 54. Duk waɗannan ƙanana ne idan aka kwatanta da bukatar filin, nasararsu kuma tana rataye a kan farashin lantarki. Tarayyar Turai a nata ɓangare ta ɓullo da harajin hayaƙi a kan iyaka, wanda ya shafi takin zamani, aka fara gwajinsa a Oktoban 2023. Harajin zai iya kare kasuwar gida, amma ba ya taimakon kayan da ake fitarwa waje.

Ƙaurar amoniya zuwa inda gas yake ta shafi Nijeriya kai tsaye. Indorama ya fara yin yuriya a Eleme a 2016, a Maris na 2022 kuma aka ƙaddamar da masana'antar takin Dangote a Lekki mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Dukansu a kan hanyar Haber da Bosch suke aiki. Sai dai tarihin NAFCON ta Onne, wadda ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1980 ta durƙushe har aka sayar da ita a 2005, ya nuna cewa mallakar gas kaɗai ba ta riƙe masana'anta.

7.0 Kammalawa

An ga yadda masana'antar kwarin Rhine ta sauya ɗanyen kayanta har sau biyu, daga kwalta zuwa man fetur zuwa iskar gas, kuma a kowane karo bincike ne ya ba ta damar sauyawar. An kuma ga cewa makamin da ta kayar da manoman baba na Indiya da marinan Kano da shi, wato samar da abu iri ɗaya da kuɗi kaɗan, shi ake juya mata yanzu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Alamu sun nuna cewa masana'antar za ta tsuke, kayan gindi za su ci gaba da ƙaura, na musamman su saura gwargwadon yadda aka sami lantarki mai araha. Sauyi na uku ya fi na baya wuya, domin a karon farko ana neman ta koma ga makamashin da ya fi wanda take bari tsada, alhali abokan gogayyarta suna nan a kan mai arahar. Ga ƙasashe masu arzikin gas kuwa, abin lura shi ne shekara 17 da BASF ya yi yana ciyar da masu bincike kafin ya sayar da kilo ɗaya na shuni.